Hawan suga mai kisa: kada a bar allura don an kasa cin abinci

Akwai shawarar da ake yawan bai wa mai ciwon suga idan zazzaɓi ya kwantar da shi, kuma da zuciya ɗaya ake ba da ita: "Tunda ba ka ci komai ba, bar allurar nan sai ka warware." Da jin ta sai ka ce hankali ne. Amma ta kai mutane da dama ɗakin gaggawa ranga-ranga, wasu ma ba a ƙarasa da su ba.

Jiki ba ya daina buƙatar insulin don ciki ya zama wayam. A lokacin ciwo hanta kan ƙara zuba suga cikin jini, ko da mutum bai kai loma baki ba. Insulin ne ke shigar da sugan nan cikin tsoka ya zama ƙarfi. In babu shi sai suga ya taru a jini, tsoka kuwa tana fama da yunwa. Daga nan jiki ya koma narka kitse, hanta ta mai da shi sinadarin kiton, jini ya yi tsami. Wannan ne likitoci ke kira DKA, kuma cikin yini guda yana iya kai mutum ga doguwar suma. Ya fi kama masu nau'in farko na ciwon, yara da matasa. Da yawansu ma ranar da aka kawo su a wannan hali ne iyaye ke fara sanin ɗansu na da suga.

Yakan fara da ƙishirwa marar yankewa, da fitsari a kai a kai, da rama. Yaron da ya daɗe da barin fitsarin kwance sai ya dawo yana yi. Sannan amai da murɗar ciki su biyo baya, kuma a nan ake asarar lokaci, domin amai da kasala a wurinmu sunansu maleriya ko taifot, sai a ruga kemis a haɗo magani. Abin lura shi ne numfashi: mai zurfi ne, da sauri, kamar na wanda ya sha gudu alhali yana kwance, ba tari ba toshewar ƙirji. Huhu ne ke kokawar rage tsamin jini. Likitan nan na Jamus, Adolf Kussmaul, ya bayyana shi tun 1874, har yau da sunansa ake kiransa. In ka matsa kusa da bakin majinyacin, sau da yawa za ka ji wari mai zaƙi-zaƙi irin na ruwan goge jan farce.

Hawan suga mai kisa na biyu, wanda likitoci ke kira HHS, ya fi DKA kisa, ga shi kuma a hankali yake zuwa. Dattawa masu nau'i na biyu yake kamawa. Ɗan insulin ɗin da ya rage musu ya isa ya hana kiton, amma bai isa ya tsare suga ba. Da zarar suga ya wuce kimanin 180 a awon mg/dL, ƙoda za ta fara zubar da shi ta fitsari, shi kuma ya ja ruwan jiki ya fita da shi. Haka za a yi kwanaki, wani lokaci makonni, har suga ya haura 600, na'urar awo ta gida ta daina nuna lamba sai haruffan HI. Kafin a farga tsoho ya yi asarar lita da yawa na ruwa. Harshe ya bushe, ido ya faɗa, ya fara sambatu, wani har jijjiga ko mutuwar hannu. Ana ta ɗura masa lemon kwalba da zoɓo mai suga wai don ya samu ƙarfi, ana ƙara wa wuta fetur. Wasu su ce ruɗin tsufa ne, wasu su ce iska ce, a kira mai ruƙiyya. Ban hana addu'a ba, amma a yi ta cikin mota a kan hanyar asibiti.

Ko DKA ko HHS, ba ciwon da za a yi jinyarsa a gida ba ne, ko da akwai ma'aikacin lafiya a maƙwabta. Ƙarin ruwa ta jijiya ake fara yi, sannan insulin a hankali, ana bibiyar sinadarin fotasiyam, saboda insulin na jan sa daga jini, in ya yi ƙasa kuwa zuciya na iya tsayawa. Ga yara, akwai haɗarin kumburin ƙwaƙwalwa, shi ya sa ba a gaggawar gyaran. Dole kuma a nemo abin da ya tayar da shi: maleriya, ciwon huhu, gyambon ƙafa, ciwon mafitsara, ko ƙwayoyi irin su dexamethasone da wasu ke sha don neman ƙiba.

A watan Janairun 1922 aka fara yi wa ɗan Adam allurar insulin, wani yaro ɗan shekara 14 mai suna Leonard Thompson, a Toronto ta Kanada. Fiye da shekara ɗari ke nan, amma a garuruwanmu har yanzu akwai masu rage adadin allura don kwalba ta kai ƙarshen wata. Ga zafin Afrilu da ke wuce digiri 40 yana rage wa maganin ƙarfi, ga rashin wutar firiji, shi ya sa wasu ke adana kwalbar a sanyin randa. A azumi ma, ƙa'idar likitoci ita ce duk wanda sugansa ya wuce 300 ya karya, kuma shari'a ta yi wa marar lafiya rangwame.

Don haka mai allura in ya kwanta ciwo, kada ya daina ta da ra'ayin kansa. Likita ne zai faɗi ko a rage ko a ƙara. Ya riƙa auna suga duk bayan awa uku ko huɗu, ya sha ruwa sosai. In sugan ya wuce 250 ga amai, ko numfashi ya sauya, ko hankali ya fara gushewa, asibiti kai tsaye. Wanda ya suma kuwa ba a ɗura masa komai a baki. Ku kuma ma'aikatan ƙananan asibitoci, duk wanda aka kawo muku a sume, ko yaro mai amai da ƙishirwa, ku soki yatsansa ku auna suga kafin ku rubuta maganin maleriya. Awon ba ya cin minti ɗaya.