Madawa ko Madaoua, wane ne daidai?

Mutane da yawa da sunka koyi karatu a makarantun yaƙi da jahilci suna da tambaya guda. A aji an koya musu su rubuta Madawa, Buza, Tawa. Amma in sun fito bakin hanya, sai su ga allo an rubuta Madaoua, Bouza, Tahoua. Sai rai ya ɓaci. Wani ya ce ashe ba karatun kirki anka koya mai ba. Wani har ya daina zuwa aji. Wannan asara ce babba. Karatunsu daidai ne. Sunan guda ne, hannu biyu sunka rubuta shi, kowa da ƙa'idarsa.

Hannun Faransawa

Kafin Turawa su zo, malamai suna rubuta Hausa da ajami. Da Faransawa sunka zo, sai sunka rubuta sunayen garuruwa da na mutane yadda kunnensu ya ji, da baƙaƙen harshensu. Wanda ya riƙe abu huɗu ba zai ƙara ruɗewa ba. Inda sunka sa ou, a Hausa u ne ko w. Inda sunka sa ch, sh ne. Inda sunka sa tch, c ne. Inda sunka sa gui, gi ne. To ga shi: Sabon Guida shi ne Sabon Gida, Bangui shi ne Bangi, Ourno shi ne Urno. Kilichi shi ne kilishi. Tchoukou shi ne cukun da makiyaya ke kawowa kasuwa.

Faransanci ba shi da baƙaƙe masu ƙugiya, wato ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Shi ya sa Maraɗi ta koma Maradi. Amma ga Bahaushe ƙugiyar nan ba ado ba ce. Ita ke raba baki da baƙi, ita ke raba kafa da ƙafa.

Turawan Ingila ma sun yi nasu. Wani matafiyi mai suna Clapperton ya isa Sakkwato a 1824, zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. A littafinsa Sackatoo ya rubuta, Katsina kuma Kashna. Tsofaffin littattafan Ingilishi suna rubuta sunan Hausa kansa Houssa ko Haussa. Yau su ma sun bar wannan rubutu. Sakkwato na nan, Katsina na nan.

Rubutun Hausa ma ya canza

Wanda ya ajiye tsofaffin jaridun karkara zai ga sunaye irin Gangaa da Saabon Ra'ayii. Ba kuskuren mai buga jarida ba ne. A 1966 an yi taron masana a Bamako, ƙarƙashin hukumar UNESCO. Bayan taron, Nijar ta ɗauki ƙa'idar ninka wasali in mai tsawo ne. Dabarar tana da amfani. Gari na mutane a rubuta garii, garin tuwo a rubuta gaarii. Amma Nijeriya ba ta bi wannan hanya ba. Sai littafin Kano da na Yamai sunka sha bamban, alhali harshen guda ne.

A 1980 anka sake zama a Yamai don a daidaita. A 1981 Nijar ta bar ninka wasali. A 1999 kuma gwamnati ta fitar da dokar da ta tsaida baƙaƙen Hausa na makarantu. Ɗan bambanci ya rage: a Nijar ana rubuta ƴaƴa, a Nijeriya 'ya'ya. A 2025 anka sa Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar. Wanda ya iya rubuta ta bai yi aikin banza ba.

Kalmomin da ke ɓacewa

Canjin rubutu ba ya kashe kalma. Abin da ke kashe ta shi ne a daina faɗinta, kuma ba wanda ya rubuta. Tun da bido ya shigo, yara da yawa ba su san salka ba. Gugan roba ya kori wasaki. Kwano ya kori akushi. A wajen ƙidaya ma haka ne. Ashirin da talatin daga Larabci sunka zo. Kafin su, kakanni gomiya biyu da gomiya uku su ke cewa. Zamanin wuri kuma ɗari ita ce zangu.

Amma tsohuwar kalma takan samu sabon aiki. Dala sunan kuɗin azurfa ne da fatake ke kawowa a da. Kuɗin sun wuce, sunan ya hau kan sefa 5. Samariya tsohuwar ƙungiyar samarin gari ce. Bayan 1974, zamanin Seyni Kountché, anka tada sunan, ya koma na aikin gayya a ƙasa duka. Rumbun tsimi shi ne rumbun da mai gida ba ya taɓawa sai an shiga wuya. Yau da wannan suna ake kiran hatsin da gwamnati ko jama'ar gari ke ajiyewa don tsoron fari. Da tsohuwar zuma ake magani.

Hausar Adar da ta Gobir ma dukiya ce. Mutumin Keita ko Buza yana cewa hura, tahi, ɗiya, biyat. Littafi yana cewa fura, tafi, ƴa, biyar. Littafi yana neman rubutun da kowa zai gane, daga Tamaske har Kano. Wannan ba ya nufin bakin tsofaffi ya karkace. Wani masani Bafaranshe mai suna Bernard Caron ya rubuta littafi guda a kan Hausar Adar, an buga shi a 1991. Babban ƙamus na Bargery, wanda ya fito a 1934, shi ma cike ya ke da kalmomin da yau sai tsoho ya san su. Baƙi sun ga darajar abin. Masu abin ya kamata su fi su gani.

Abin da ya kamata a yi

Na ɗaya, a kan takardun hukuma a bi rubutun da ke cikin takardar haihuwa, baƙi da baƙi. In an sa Chaibou, kada a sa Sha'aibu a wata takarda. In an sa Haoua, kada a sa Hawa. Suna biyu ga mutum guda yana iya tsaida yaro ranar jarrabawa, ko ya kawo gardama wajen karɓar kuɗi.

Na biyu, a wasiƙa da littafin ƙungiya da lissafin albasa, a yi rubutun Hausa tsantsa, kowace ƙugiya a wurinta.

Na uku, kowane mai karatu ya nemi ɗan littafi. Ya zauna da tsofaffin gidansu da dare. Ya tambayi sunayen irin gero da dawa na da, sunayen ciyawar da ke sa nono, launin shanu da awaki, kayan rijiya, kayan saƙar tabarma. Ya rubuta kalma yadda tsoho ya faɗe ta, kada ya gyara masa baki. Ya sa ma'anarta a gefe, da sunan garin da anka ji ta. Ranar aji a karanta wa juna, don wata kalmar Majiya ba a san ta a Garhanga ba.

Aikin ba ya cin ko dala. Amma ba ya jira, don masu kalmomin suna tsufa. A fara tun rani, kafin ruwa ya sauka kowa ya koma gona.