Dalilin da ya sa bindigar mafarauci ke kuskure abin da aka auna

Da zarar an kammala girbi a ƙauyukan ƙasar Gwandu, irin su Diggi da ke ƙaramar hukumar Kalgo a Jihar Kebbi, sai mafarauta su saɓa bindigoginsu na toka su nufi daji. Ita wannan bindiga, da ake wa laƙabi da harba-ka-ruga, ta baki ake ɗura ta: a zuba albarushi, a danna tsumma, a sa dalma ko guntayen ƙarfe. Saboda haka mai ita ne ke haɗa harsashinsa a kowane harbi, kuma a nan ne matsalar saiti take farawa.

Bindiga ba ta maimaita harbi a wuri guda sai abin da aka ɗura mata ya zama iri ɗaya kowane lokaci. Wanda ke auna albarushi da tafin hannu, yau ya ɗara, gobe ya gaza, gudun dalmarsa zai riƙa sauyawa, wani harbin ya wuce sama, wani ya faɗi ƙasa. Danshin damina yana rage ƙarfin albarushi. Dalmar da ba ta cika bututu ba kuwa tana karo da bangonsa, ta fita a karkace.

Turawa sun magance wannan da sassaƙa layuka masu murɗewa a cikin bututu, domin harsashi ya fita yana juyawa, ya miƙe. Harsashin Minié da aka ƙirƙiro a Faransa wajen 1849 ya sauƙaƙa ɗura irin wannan bindiga. Tazarar da ta shiga tsakanin makaman biyu ta bayyana a ranar 15 ga Maris 1903, lokacin da dakarun Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya suka fuskanci sojojin Ingila masu bindigogin zamani a Sakkwato.

A Amurka, maharban gasa da ke haɗa harsashinsu a gida suna auna albarushi da ma'aunin da ke bambance abin da bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na giram ba, suna rubuta sakamakon kowane gwaji.

A Najeriya doka ta bambanta. Dokar Makamai ta 1959 ta wajabta lasisi kafin mallakar bindiga, ta kuma hana ƙera bindiga ko harsashi ba da izinin hukuma ba. Kamfanin DICON da aka kafa a Kaduna a 1964 shi ne ke ƙera wa sojoji harsasai.

Babban haɗari shi ne zaton cewa ƙarin albarushi na ƙara saiti. Abin da yake ƙarawa shi ne matsi a cikin bututu, kuma bututun da aka yi da fayif ɗin ruwa kan tarwatse, ya tafi da yatsu ko ido. Dalmar da ta kauce a farautar gayya kuma tana iya samun abokin tafiya ko manomin da ke duƙe a fadama.