Sinawa da Turanci: Inda Hadda Ke Tsayawa, Karatu Ya Ɗauka

Akwai kalma ɗaya ta Turanci da kusan kowane ɗalibi a ƙasar Sin ya san ta, ko da kuwa Turancin nasa bai taka kara ya karya ba. Kalmar ita ce “abandon”, wato yin watsi da abu. Abin da ya sa ta yi suna shi ne, littattafan haddar kalmomi da ɗalibai ke saye don jarrabawa an jera su ne daga A zuwa Z, ita kuwa tana can sama a shafin farko. Ɗalibi ya ɗaura niyya, ya haddace shafi biyu ko uku, ya gaji ya ajiye. Bayan wata guda ya sake ɗaura niyya, ya koma farko. Haka zai yi ta nanata wannan kalma har ta zauna masa daram, alhali bai taɓa leƙa tsakiyar littafin ba. Ɗaliban da kansu suke ba da wannan labari, kuma a ganina shi ne ya fi nuna inda gizo ke saƙar: ƙwazo akwai shi, har ya yi yawa, hanyar ce ke cinye shi.

Ba jiya Sinawa suka fara wannan fama ba. Tun 1862, bayan Turawa sun ci galaba a kansu a yaƙe-yaƙen da aka yi kan cinikin ofiyom, fadar sarki ta buɗe makarantar Tongwen Guan a Beijing don samar da tafintoci, kuma da Turanci aka fara. Bayan kafa Jamhuriyar Jama'ar Sin a 1949, Rashanci ya karɓe fili. Da dangantaka ta yi tsami tsakanin Sin da Tarayyar Sobiyet, sai aka mayar da Turanci harshen waje na farko a 1964, amma ba a je ko'ina ba juyin al'adu na 1966 zuwa 1976 ya dagula makarantu. Sai a 1977, da Deng Xiaoping ya dawo da jarrabawar shiga jami'a da ake kira gaokao, sannan ƙofa ta sake buɗewa. A 1982 gidan talabijin na ƙasa ya fara nuna shirin BBC mai suna Follow Me, mutane suka riƙa taruwa gaban akwatin talabijin suna maimaita abin da aka faɗa. A 2001 kuma ma'aikatar ilimi ta ba da umarnin a fara koyar da Turanci daga aji uku na firamare.

Yau nauyin abin ya wuce wasa. A yawancin larduna, harshen waje na ɗaukar maki 150 cikin 750 na gaokao, daidai da lissafi, daidai da Sinanci kansa, kuma mafi yawan ɗalibai Turanci suke zaɓa. A 2024 mutum miliyan 13.42 suka yi rajistar wannan jarrabawa. Wanda ya shiga jami'a ma bai huta ba, don jarrabawar Turanci ta CET na jiransa, mataki na huɗu da aka fara a 1987 da na shida da ya biyo baya a 1989. Cikin maki 710 ana neman 425, kuma masu ɗaukar ma'aikata da dama sai sun ga takardar.

To, me ya sa harshen ke ba su wuya haka?

Mu fara da kalmomi. Bafaranshe ko Bajamushe in ya buɗe littafin Turanci, zai yi ta cin karo da 'yan'uwan kalmominsa. Basine kuwa kusan babu ko ɗaya da zai gane; kowace kalma baƙuwa ce daga tushe. Bayan haka, Sinanci na gina kalmominsa ne a fili, kamar yadda muke cewa jirgin sama da jirgin ƙasa. Kwamfuta a wurinsu “ƙwaƙwalwar lantarki” ce, jirgin ƙasa “keken wuta”, ciwon nimoniya kuma “kumburin huhu”. Yaron da ya san baƙaƙen da aka haɗa zai iya hasashen ma'ana. Turanci ya ɓoye irin wannan ginin cikin saiwoyin Latin da Girkanci, ta yadda “lung” da “pneumonia” ba su ko yi kama da juna ba. Shi ya sa malamai a can suke ba da ƙarfi wajen koyar da saiwa da ɗafa-goshi da ɗafa-ƙeya, kuma wannan dabara ce mai kyau.

Inda nake da ja shi ne kan haddar jeri. Ɗalibin sakandare ya san adadin da ake ce masa ya riƙe kafin gaokao, kalmomi kusan 3,500. Manhajojin waya irin su Baicizhan da Shanbay suna dawo masa da kowace kalma a daidai lokacin da ake zaton zai manta ta, bisa binciken mantuwa da Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya wallafa a 1885. Tsarin yana aiki. Sai dai yana da kyau a tuna cewa Ebbinghaus gaɓoɓi marasa ma'ana ya yi gwajinsa da su, kuma kalmar da aka cire daga jimla aka ajiye ita kaɗai da fassara ɗaya a gefenta ba ta yi nisa da hakan ba. Kalma tana da abokan tafiya. Basine “cin” magani yake yi, Bahaushe “shan” magani, Bature kuwa “take” yake cewa. Basine “buɗe” fitila yake yi, don haka za ka ji ya ce “open the light”. Ruwan da mu za mu ce kamar da bakin ƙwarya, shi “babban ruwa” yake kiransa, sai ya rubuta “big rain” a inda ake son “heavy rain”. Duk kalmomin ya haddace su daidai. Waɗanda ke tafiya tare ne bai sani ba, kuma jeri ba ya koyar da wannan.

A nahawu ne abin ya fi ban sha'awa, domin kurakuran Basine ba na ganganci ba ne, inuwar harshen uwarsa ce. Aikatau a Sinanci ba ya sauya kama ko kaɗan. Mutum zai ce, kalma bi kalma, “jiya ni tafi kasuwa”, “gobe ni tafi kasuwa”, lokaci yana cikin jiya da gobe, sai wasu ƙananan kalmomi irin su “le” da “guo” da ke nuna an gama abu ko an taɓa yin sa. Mu Hausawa muna ɗora lokaci a kan abin da ke gaban aikatau: na tafi, zan tafi, nakan tafi. Turanci kuwa jikin aikatau ɗin yake taɓawa: go, went, gone. Ga wanda harshensa bai taɓa neman wannan daga gare shi ba, sanin dokar abu ne mai sauƙi, tuna ta a tsakiyar magana shi ne aikin. Haka jam'i: a Sinanci littafi ɗaya da littafi goma duk kalmar ba ta motsi.

Sai “a” da “the”, waɗanda ke bin ɗalibi har digiri na uku. Bahaushe yana da madogara, tunda ya san bambancin wata mota da motar. Sinanci ba shi da takwarorin waɗannan kalmomi biyu, yana barin wurin zaman kalma a jimla da yanayin magana su yi aikin. Akwai kuma wanda ya fi ba baƙo mamaki: a baki, shi da ita duk “ta” ne a Sinanci. A rubuce kaɗai aka raba su, kuma baƙin da ke nufin mace sai wajajen 1920 marubuci Liu Bannong ya yaɗa shi. Saboda haka in ka ji Basine mai kyakkyawan Turanci ya kira matarsa “he”, ba jahilci ba ne. Bakinsa ne bai saba tsayawa ya zaɓa a wannan gurbi ba. Wani kuskuren ma mun yi tarayya da su a kansa. Yadda muke cewa “ko da yake ya zo, amma bai same ni ba”, haka su ma suke haɗa kalmomin biyu, sai mu da su duka mu zuba “although” da “but” a jimla ɗaya, abin da Turanci ba ya so.

Wannan ya kai mu ga karatu. A Hausa da Turanci ana ambaton abu tukuna, bayaninsa ya biyo baya: mutumin da na gani jiya a kasuwa. A Sinanci bayanin ne ke gaba, mutumin ya zo a ƙarshe. Idan jimlar Turanci ta yi tsawo, bayani na bin bayani, sai mai karatu Basine ya ga kamar an juya masa hanya. Malamai sun ware wa irin waɗannan jimloli suna, “changnanju”, dogaye masu wuya, ana kuma koya wa ɗalibai feɗe su gaɓa-gaɓa: nemo aikatau, nemo mai aikin, ware rassa. Tsarin karatun ya daɗe da raba darasi gida biyu. Akwai “jingdu”, karatun ƙwaƙƙwafi, inda za a shafe mako a kan shafi biyu. Akwai “fandu”, karatun yalwa, inda ake son ɗalibi ya karanta da yawa ba tare da tsayawa kan kowace kalma ba. A takarda duka biyun suna nan. A aji, na farkon ne ke cinye lokaci, domin shi ya fi kama da abin da jarrabawa ke tambaya: cike gurbi, zaɓi ɗaya cikin huɗu, da wasiƙar da ake sa ɗalibi ya rubuta da sunan wani yaro na ƙage, Li Hua, wanda duk mai shirin gaokao ya san shi. Sakamakon shi ne abin da su da kansu suka laƙaba wa suna “yaba yingyu”, Turancin bebe.

An gwada magunguna. A shekarun 1990 Li Yang ya fito da Crazy English, yana tara dubban mutane a fili suna ɗaga murya da jimlolin Turanci don kashe kunya. Yu Minhong ya kafa New Oriental a 1993, ya gina babban kamfani a kan shirya ɗalibai don jarrabawar fita waje, kafin dokar watan Yulin 2021 ta hana cin riba da darasin bayan makaranta a manyan darussa, ta girgiza kasuwar baki ɗaya. A jami'ar Renmin da ke Beijing kuma, an daɗe ana taruwa daren Juma'a a dandalin da ake kira English Corner, kowa ya sami wanda zai yi hira da shi.

Ba na cikin masu raina hadda. Duk wanda ya taso kusa da makarantar allo ba zai ga baƙon abu ba in ya ji ajin Sinawa da sassafe suna karatu da ƙarfi baki ɗaya, abin da suke kira “zaodu”. Ya kuma san cewa abin da aka haddace da kyau yana zama jari. Tambayar ita ce me aka haddace. Littafin New Concept English na L. G. Alexander, wanda ya fito a 1967, ya sami karɓuwa a Sin har aka kafa mutum-mutumin marubucin a harabar kamfanin ɗab'in littattafan harsunan waje da ke Beijing. Ɗalibai da yawa gajerun labaransa suke haddacewa sukutum. Wanda ya yi haka ya haddace kalma tare da abokan tafiyarta, da “the” a mazauninta, da aikatau cikin kamar da ta dace da shi. Tsakaninsa da mai haddar jeri akwai nisa.

Amma ko wannan ba ya isa. Paul Nation na jami'ar Victoria da ke Wellington a New Zealand ya nuna a 2006 cewa mai son karanta jarida ko littafin labari ba tare da taimako ba yana buƙatar sanin kashi 98 cikin ɗari na kalmomin da ke shafin, wato baƙuwa ɗaya cikin hamsin, kuma hakan na neman iyalan kalmomi 8,000 zuwa 9,000. A ajiye wannan kusa da 3,500 na gaokao, a ga ratar. Ba a cike irin wannan rata da jeri kaɗai, domin kalma ba ta zama ta mutum sai ya gamu da ita sau da dama a wurare dabam-dabam. Hanyar da ke kawo wannan gamuwa ita ce karanta abu mai sauƙi da yawa. Kayan aikin ma suna nan a gabansu: jerin littattafan Oxford Bookworms, waɗanda aka sauƙaƙa mataki-mataki, an daɗe ana buga su a Sin da sunan Shuchong, Turanci tare da fassarar Sinanci. Abin da ya yi ƙaranci shi ne lokaci, da kuma yardar iyaye da malamai cewa yaron da ke karanta labari don jin daɗi aiki yake yi.

Ga duk mai koyar da Turanci ga wanda Sinanci ne harshensa, roƙona shi ne ya fara sanin waɗannan gurabe da harshen uwa ke jan ɗalibin, ya daina gyara su kamar laifi. Kada ya hana shi hadda, ya ba shi cikakken labari ya haddace. Sannan ya ware masa rabin sa'a kowace rana, ya miƙa masa littafin da bai fi ƙarfinsa ba, ya kuma bar shi ya karanta ba tare da an yi masa tambaya a ƙarshe ba.