Ginin Ɓerayen Yumɓu a Matsayin Dabarar Koyar da Tatsuniya a Ƙananan Azuzuwan Firamare

1.0 Gabatarwa

Manufar Ilimi ta Ƙasa ta shekarar 1977, da bitar da aka yi mata a 1981 da 1998 da 2004, ta tanadi a koyar da yaro da harshen uwa ko na muhallinsa a shekarun farko na firamare. Sai dai a darasin tatsuniya, sau da yawa malami ne ke magana shi kaɗai, yara kuma sun yi tsit suna saurare. Yaron da bai buɗe baki ya ba da labari a aji ɗaya zuwa uku ba, da wuya ya iya tsara insha'i idan ya kai aji shida. A wannan maƙala za mu bayyana yadda gina ɓeraye da yumɓu zai sa yaro ya zama mai ba da labari da kansa.

2.0 Dalilin Zaɓen Ɓera

Mun zaɓi ɓera saboda dalilai uku. Na farko, ba baƙo ba ne a adabin baka na Hausa. Da shi ake rufe tatsuniya a ce “Ƙurunƙus kan ɗan ɓera,” kuma akwai karin maganar da ke cewa, “In ɓera da sata, daddawa ma da wari.” Na biyu, siffarsa ba ta da wuyar ginawa, domin ba sai an yi masa ƙafafu ba kafin ya zauna, saɓanin doki ko saniya waɗanda ƙafafunsu kan karye a hannun ɗan shekara shida. Na uku, sunansa na ɗauke da harafi mai ƙugiya, wanda zai ba malami damar bambanta “ɓ” da “b”, kamar a “ɓata” da “bata”.

3.0 Kayan Aiki da Matakan Gini

Ana bukatar yumɓu irin na magina tukwane, da ruwa, da tsinken tsintsiya, da ƙwayar dawa, da kwali ko faifai. Malami ya tsince tsakuwa daga yumɓun, ya jiƙa shi tun jajibirin darasi, sannan ya cuɗa shi har ya daina manne wa hannu. Matakan su ne:

(i) Kowane yaro ya mulmula curi kamar girman ƙwan kaza.
(ii) Ya matse gefe ɗaya ya yi tsini, wannan shi ne baki.
(iii) Ya fyaɗa ƙananan curi biyu, ya shafa musu ruwa, ya liƙa su a matsayin kunnuwa.
(iv) Ya murza siririn yumɓu ya yi wutsiya, ya kwantar da ita a jikin ɓeran don kada ta ɓalle.
(v) Ya sa ƙwayar dawa a gurbin idanu, tsinke kuma a gurbin gashin baki.

A shanya su a inuwa kwana biyu ko uku. Idan aka sa su a rana, bayansu zai bushe kafin cikinsu, sai su tsage.

4.0 Daga Gini Zuwa Labari

Ginin ba shi ne manufa ba. Tun ana cuɗa yumɓu malami zai riƙa jan hankali ga kalmomin aikatau: kwaɓa, mulmula, murza, liƙa. Bayan ɓerayen sun bushe, kowane yaro ya raɗa wa nasa suna, ya faɗi halinsa: marowaci ne, ko matsoraci, ko mai wayo. Sai a kasa yara rukuni-rukuni, a ajiye kyanwar da malami ya gina a tsakiya, a buɗe da “Ga ta nan, ga ta nanku.” Kowa zai ɗora jimla guda yana motsa ɓeransa. Yaro mai kunya kan sami sauƙin magana a nan, domin idon 'yan aji yana kan ɓeran, ba a kansa ba. 'Yan aji uku kuma sai su rubuta labarin cikin jimla biyar.

5.0 Abubuwan Kiyayewa

Wasu iyaye na iya nuna damuwa game da gina surar abu mai rai. Ya dace a tuntuɓe su tun kafin darasi, a kuma bar 'ya'yansu su gina rumbu ko rami ko tukunya, domin labarin na bukatar su. Haka kuma, tun da wani nau'in ɓera ne ke yaɗa zazzaɓin Lasa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa da ke Jihar Borno ta yanzu, wajibi ne yara su fahimci cewa ɓeran gaske ba abin wasa ba ne, su koyi rufe abinci da wanke hannu bayan aiki.

6.0 Kammalawa

Muna ba masu tsara manhaja shawarar su ware darasi biyu ga wannan aiki, ɗaya na gini, ɗaya na labari, tare da haɗin gwiwar malamin Hausa da na fasaha da al'adu. Wajen aunawa kuwa, a duba yadda yaro ya jera farkon labari da tsakiyarsa da ƙarshensa, ba kyan ɓeran da ya gina ba.