Agogon miliyoyi da agogon batir: me kuɗin ke saya?

Mahaifina ya bar mini agogon Seiko 5 da ya sayo a Makka lokacin da ya je aikin Hajji. Da ya fara latti, sai na kai shi wurin wani dattijo mai gyaran agogo a kasuwar Sabon Gari ta Kano. Teburinsa bai fi faɗin faifai biyu ba, an rufe shi da gilashi, a ciki kuma agoguna ne birjik, wasu sun mutu tun ban san kaina ba. Ya maƙala madubin nan mai ido ɗaya, ya kwance marfin baya, ya miƙo mini madubin ya ce, "Leƙa ka gani, ɗana." Abin da na gani ya tsaya mini a rai. Wata 'yar ƙawanya ce siririya tana kai da komo ba hutawa, a tsakiyarta wani silin ƙarfe da bai kai kaurin gashi ba yana buɗewa yana rufewa kamar mai numfashi. Na ce, "Baba, wannan da na wuyan hannunka wanne ya fi faɗin lokaci daidai?" Ya ɗaga hannunsa, ga baƙar Casio ta roba, ya ce da ita yake saita duk agogon da ya gyara.

Wannan amsa ta mai gyara ita ce ta masana ma. Agogon inji, wato mai wani ko wanda motsin hannu ke yi wa wani, yana aiki ne da sifirin da aka naɗe tamau. Sifirin na warwarewa a hankali, yana tura 'yan ƙafafun ƙarfe masu haƙora, ita kuma ƙawanyar da na gani ita ke rarraba ƙarfin gwargwado. A yawancin agogunan zamani tana bugawa sau 28,800 a awa, wato sau 8 a daƙiƙa. Zafi na taɓa ta, maganaɗisu na taɓa ta, ko yadda ka kwantar da agogon da daddare na iya sauya tafiyarta. Agogon batir kuwa, wanda ake rubuta wa Quartz a fuska, ɗan ɓarɓashin ƙanƙarar dutse ne a cikinsa, wanda wutar batir ke sa shi kaɗawa sau 32,768 a daƙiƙa guda. Na'urar cikinsa tana raba wannan adadi biyu biyu har sau 15, sai ya koma bugu ɗaya, daƙiƙa ɗaya ke nan. Abin da ke ƙirga lokaci da kaɗawa dubu talatin da ɗoriya dole ya fi mai bugu takwas kiyaye lissafi.

Alƙaluman kamfanonin da kansu sun nuna haka. Hukumar COSC ta ƙasar Suwizalan, mai ba agogunan inji shaidar inganci, ta yarda agogo ya yi lattin daƙiƙa 4 ko gaggawar daƙiƙa 6 a rana. Rolex ya tsananta wa kansa fiye da haka, ya ce nasa ba zai wuce daƙiƙa 2 a rana ba, wato har minti guda a wata. Casio F-91W, wadda ta fito a 1989 kuma har yau ake sayar da ita, alkawarinta daƙiƙa 30 ne a wata, batirinta na kai kimanin shekara 7, kuɗinta bai kai dala 30 ba. Rolex Submariner na ƙarfe zalla yana kusan dala 10,000. Ka biya ninki ɗari uku da wani abu, ka samu agogon da bai kai na ɗan makaranta tsare lokaci ba. Saboda haka in dai don sanin lokacin salla, ko tashin jirgi, ko shan magani ne, magana ta ƙare tun a nan.

Masu ƙera agogo na Suwizalan sun sha wannan darasi da ɗaci. Ranar 25 ga Disamba, 1969, kamfanin Seiko na Japan ya fitar da Astron, agogon hannu na farko mai ƙanƙarar dutse da aka kai kasuwa. Kuɗinsa yen 450,000 ne, daidai da farashin ƙaramar mota a lokacin. Cikin shekara goma farashin irinsa ya faɗi warwas, agogunan Japan da Hong Kong suka cika duniya. Ma'aikatan agogo a Suwizalan sun kai wajen 90,000 a 1970, amma kafin ƙarshen shekarun 1980 sun koma wajen 30,000. Ɗaruruwan masana'antu sun rufe, garuruwan da suka gaji sana'ar kaka da kakanni suka shiga halin ni-'yasu. Abu biyu ne ya cece su. Na farko Swatch, agogon roba mai araha da ya fito a 1983, wanda Nicolas Hayek ya zama jigon kamfaninsa. Na biyu, kuma shi ne ya shafi maganarmu, sun daina gasar faɗin lokaci da agogon batir. Suka koma sayar da agogon inji a matsayin kayan ado, kayan gado, aikin hannun gwanaye. Tsadar da muke gani yau ta samo asali ne daga wannan sauyin dabara.

Ba na cikin masu cewa duk yaudara ce. Araha ba ta ado, kuma wanda ya taɓa leƙa cikin agogo mai kyau ya san akwai aiki. Ana goge gefen kowane ɗan ƙarfe har ya yi sheƙi, ko da a wurin da ido ba zai taɓa kaiwa ba. Ana dasa 'yan ƙwayoyin yaƙutu na haɗi a mahaɗar ƙafafun don kada su cinye juna. Akwai agogunan da ke sanin watan da ke da kwana 30 da mai 31, har da Fabrairu mai 29 duk shekara huɗu, ba batir ba kwamfuta, haƙoran ƙarfe kawai. Agogon aljihu da Patek Philippe ya kammala wa attajirin Amurka Henry Graves a farkon shekarun 1930 yana yin ayyuka 24 daban-daban, har da nuna taurarin samaniyar birninsa. Mu da muka san bambancin babbar riga mai aikin hannu, wadda maɗinki ya yi wata da watanni yana zuba mata aska takwas, da wadda keke ya zuba wa aiki a yini guda, bai kamata mu raina irin wannan ba. Dukansu suna rufe jiki, amma ba wanda zai ce kuɗinsu ɗaya. Ga kuma ƙarko: agogon inji ana kwance shi, a wanke, a sa mai, a sauya abin da ya ci, ya ci gaba da tafiya har jikoki. Agogon roba in na'urarsa ta ƙone, sai dai a sayi wani.

Inda nake ja da baya shi ne wurin rabon kuɗin. Nawa ne na aikin, nawa ne na suna? Masu nazarin kasuwa na ƙiyasta cewa Rolex na fitar da agogo wajen miliyan guda a shekara. Wannan aikin manyan masana'antu ne masu injuna, ko da hannun mutum ne ke harhaɗawa a ƙarshe. Kuma kamfanin gwanin talla ne tun asali. Hans Wilsdorf, wanda ya kafa shi a Landan a 1905, ya ba Mercedes Gleitze agogon Oyster ta yi iyo da shi a mashigin tekun da ke tsakanin Ingila da Faransa a 1927, sannan ya sayi shafin farko na jaridar Daily Mail ya shelanta cewa ruwa bai shiga ba. Omega har gobe yana cin albarkacin Speedmaster da Buzz Aldrin ya ɗaura a kan duniyar wata a 1969. Gasar tanis, tseren motoci, fuskokin taurarin fina-finai, shaguna a unguwanni mafi tsada na Dubai da Faris, duk mai saye ne ke biya. Seiko 5 na mahaifina ma inji ne, yana yi wa kansa wani, ana gyara shi, ya haura shekara talatin yana aiki, kuma kuɗinsa bai kai kashi ɗaya cikin ashirin na Rolex ba. Wato daɗin agogon inji da ƙarkonsa ana samunsu tun a matakin ƙasa. Abin da ke ƙaruwa daga nan zuwa sama, kaɗan ne na gwaninta, mai yawa na kece raini ne.

Maganar da ta fi damuna ita ce wadda na fara ji a bakin matasanmu 'yan kasuwa, wai agogo jari ne. Labaran da ke ruɗa su gaskiya ne. A 2017 an yi gwanjon Rolex Daytona na ɗan wasan fim Paul Newman a kan dala miliyan 17.8, a 2019 kuma wani Patek Philippe ya kai faran miliyan 31 na Suwizalan. Amma na farkon sunan mai shi aka saya, na biyun kuma guda ɗaya tak aka ƙera irinsa. Yawancin agogunan alfarma suna rage daraja ne da zarar ka fita daga shago, kamar sabuwar mota. 'Yan ƙalilan ne na Rolex da Patek Philippe da Audemars Piguet ake sayarwa sama da farashin kamfani, su ɗin ma sun yi tashin gwauron zabo bayan annobar korona, suka kai ƙololuwa a farkon 2022, daga nan suka yi ta gangarowa. Wanda ya saya a saman tudu har yanzu yana lissafin asara. Agogo ba ya haihuwa kamar saniya, ba ya kawo kuɗin haya kamar shago. Ci ma yake yi, domin Rolex da kansa ya ce a kai shi gyara kusan duk shekara 10, kuma kuɗin gyara guda ya isa sayen Casio masu yawa. Sannan ga jabu, wanda ya ƙware har sai an buɗe baya kafin gwani ya tantance. Mutumin da ya sayi na hannu a wurin dillalin da bai sani ba, ba kwali ba takarda, ya sa dukiyarsa a bakin kura.

Akwai kuma abin da mai saye Musulmi zai duba tun kafin farashi. Da yawa daga cikin mafi tsadar agogunan nan na zinare ne, kuma malamai sun haɗu a kan cewa sanya zinare haramun ne ga namiji. Na ƙarfe ya kuɓuta daga wannan, amma bai kuɓutar da mai shi daga tambayar almubazzaranci ba. Wanda Allah Ya hore wa, ya fitar da zakka, ya sauke haƙƙin iyali da ma'aikata, kuma yana son aikin gwanaye don kansa, ban ga laifinsa ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa: ya san agogonsa zai yi latti, zai ci kuɗin gyara, ya kuma yarda. Wanda nake jin tausayi shi ne mai cin bashi ko mai taɓa jarin shago don a ga hannunsa a wurin ɗaurin aure, da angon da aka matsa wa sai ya sa agogo mai suna a lefe, har ya koma sayen jabu da kuɗin da zai sayi na gaske mai sauƙin farashi.

Bayan kwana uku na koma karɓar agogon mahaifina. Dattijon ya wanke shi, ya sa masa mai, ya goge gilashin. Ya girgiza shi sau biyu, ya kara a kunnena na ji bugunsa, sannan ya dubi Casio ɗinsa ya juya allurar zuwa ƙarfe huɗu saura minti goma. Ya ce in riƙa gyara masa zama duk ranar Juma'a, domin zai riƙa gaggawar kusan minti biyu a mako. Na ɗaura shi na nufi masallaci, ana shirin kiran La'asar.