Wa Zai Yi Wa Sabon Marubuci Dillanci?

Duk wanda ya taɓa kai akuya ko buhun wake kasuwar Hawandawaki, ko ta Tasawa, ko ta Mayahi, ya san ba a shiga kasuwa da kaya a tsaya ana raba ido. Akwai dillali, wanda ya san mai saye na gaske, ya san farashin ranar, kuma ba ya karɓar la'adarsa sai an yi sallama, kuɗi sun shiga hannu. To amma akwai wata haja da ke ƙaruwa a gidajenmu wadda har yau ba ta da dillali, wato labaran da samarinmu da ƴanmatanmu da matan aure ke rubutawa, wasu a littafin rubutu na makaranta, wasu a cikin salula.

Mu da ke aiki a gidan rediyo muna ganin irin waɗannan rubuce-rubuce, kuma tambayar da ke biyo su ɗaya ce a kullum: an gama rubutu, to wa za a kai wa? Dalilin da ya sa muka kawo maganar gabanku, iyayenmu ƴan kasuwa maza da mata, shi ne ranar da aka ce wa yarinya ta kawo kuɗin buga littafi, ba wani wuri za ta nufa ba sai adashen uwarta ko jarin ubanta. Saboda haka ya kamata ku san yadda wannan ciniki yake tafiya.

Yadda ake yi a ƙasashen Turai

A Ingila da Amurka dillancin marubuta sana'a ce mai zaman kanta, wadda ta samo asali a birnin Landan tun wajen shekarar 1875, lokacin da wani mai suna A. P. Watt ya soma shiga tsakanin marubuta da kamfanonin buga littattafai. A yau akasarin manyan kamfanonin can ba su duba rubutun da bai biyo ta hannun dillali ba. Marubuci zai aika wa dillalin wasiƙa, da taƙaitaccen bayanin labarin, da babi biyu ko uku na farko. In dillali ya ga hajar za ta shiga, sai ya nemi sauran, ya taimaka a gyara, sannan ya yi ta tallata ta daga wannan kamfani zuwa wancan har a samu mai tayi.

La'adarsa a bisa al'ada kashi 15 ce cikin 100, in kuma an sayar da haƙƙin fassara a wata ƙasa takan kai kashi 20. Ke nan idan kamfani ya biya jika 100, dillali ya cire jika 15, sauran na marubuci ne. In ba a sayar ba, ko dala ba ya samu. Wannan ne ya sa dillalan ke da tsananin zaɓe, kuma shi ne ya sa sababbin dillalai, waɗanda ba su tara mutane ba tukuna, suka fi buɗe ƙofa ga sababbin marubuta.

Sai dai fa waɗannan dillalai da Ingilishi da Faransanci suke ciniki. Littafin Hausa ba ya isa gare su sai an fassara shi, fassarar kuwa ba nan kusa take ba. Littafin Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, Alhaki Kuykuyo Ne, ya fito a 1990, amma sai a 2012 aka buga shi da Ingilishi, bayan Aliyu Kamal ya fassara shi, kuma wani kamfani na ƙasar Indiya mai suna Blaft ne ya buga. Shekara 22 ke nan, ga marubuciyar da sunanta ya riga ya zagaye ƙasar Hausa.

Waɗanda suka riƙe dillancin a ƙasar Hausa

Rashin dillali bai hana a nemi sababbin marubuta a ƙasar Hausa ba. A 1933 wani Bature mai suna Rupert East, da ke shugabantar hukumar fassara a Zariya, ya bi gari-gari yana roƙon malamai su rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko, aka sa gasa. Daga cikinta ne aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda a lokacin matashin malamin makaranta ne a Katsina, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Haka kuma gasar kamfanin NNPC na Zariya ce ta fito da Hajiya Hafsat Abdulwaheed, wadda littafinta So Aljannar Duniya ya fito a 1980.

Da tattalin arzikin Nijeriya ya shiga matsi a shekarun 1980, manyan kamfanoni suka ja baya, suka fi mai da hankali ga littattafan makaranta. A nan ne ƴan kasuwa suka shigo, kuma a nan ne labarin ya shafe ku kai tsaye. Marubutan Kano suka soma tara kuɗinsu suna kai wa ƙananan maɗaba'u, su kwaso littattafai su kai wa masu rumfuna a kasuwar Sabon Gari, musamman wajen Bata, daga can kuma kaya su bazu zuwa Katsina da Sakkwato da Kaduna, su tsallako ta Jibiya da Ɗan Isa har Maraɗi. Marubuta suka kafa ƙungiyoyi irin su Raina Kama, inda su Ado Ahmad Gidan Dabino, mai In Da So Da Ƙauna, da Hajiya Balaraba suke, ana duba wa sabon shiga rubutunsa, ana nuna masa maɗaba'a da mai rumfa. Gidajen rediyo kuma suna karanta littattafan, mata na saurare a cikin gida, washegari a aiki yaro kasuwa ya sayo.

Dabarar raba labari kashi-kashi, na ɗaya da na biyu da na uku, ita ma dabarar ƴan kasuwa ce: cinikin na ɗaya shi ke buga na biyu. Mai rumfa kuwa, da yake shi ke fuskantar masu saye kullum, ya fi kowa sanin labarin da zai tafi, har wasu suka koma zuba jarinsu suna buga wa marubuta. Amma tsarin yana da ciwonsa. Bashi ake ba da kaya, sai an sayar a biya, kuma marubuci ba ya da hanyar sanin ko nawa aka sayar. Wanda kuma ya sayar da labarinsa ɗungurungum saboda matsin buƙata, ko sau nawa aka sake bugawa, sai dai ya gani a rumfa ya wuce.

Ƙofofin da za a iya ƙwanƙwasawa

A nan Nijar, tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, amma masu buga littattafai da harsunan gida ba su taɓa yin yawa ba. A farkon shekarun 2000 an yi maɗaba'ar Albasa a Yamai da tallafin Jamus, wadda ta fitar da littattafai da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunan ƙasa, sai kuma kamfanin Gashingo, shi ma a Yamai, da ya yi suna a wannan fage. A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Idan har maganar ta sauka daga takarda ta shiga aji, to za a buƙaci littattafan karatu masu yawa, kuma wani ne zai rubuta su.

Gasa ita ce ƙofa ta biyu, kuma ita ta fi kama da dillali mai neman sabuwar haja, domin alƙalai ba su tambayar ɗan wane ne. A 2016 sashen Hausa na BBC ya soma gasar Hikayata ta gajerun labarai don mata zalla, ba a biyan ko dala wajen shiga, kuma labaran da suka yi fice ana karanta su duniya ta ji. Ga masu rubutu da Faransanci, a 2020 aka ba da kyautar Voix d'Afriques ta farko, wadda aka ware wa matasan da ba su taɓa buga littafi ba. Yaya Diomandé na ƙasar Kodebuwa ne ya ci, kamfanin JC Lattès na Faransa ya buga masa.

Ƙofa ta uku ita ce salula. Yanzu marubuta da dama a WhatsApp da Facebook da Wattpad suke sakin labari, su ba da shafukan farko kyauta, in mai karatu ya kamu sai ya biya a ba shi sauran. Wannan ya sauƙaƙa wa ta Hawandawaki, domin ba sai ta je Kano ba. Amma mutum ɗaya ke saye ya tura wa ɗari, wasu kuma su ɗauki labarin su karanta a YouTube ba tare da izini ba. Bugu da ƙari, yawancin masu saye da naira suke biya, kuma kun fi mu sanin abin da ya samu naira a gaban sefa tun 2023. Rumfar intanet ma tana rufewa: OkadaBooks, inda marubutan Hausa da yawa suka kasa hajarsu, ta daina aiki a ƙarshen Nuwamban 2023.

Yadda za a gane dillalin jabu

Inda duk buƙata ta yi yawa, macuta ba su rasa shiga. Akwai masu turo saƙo suna yabon labari tun ba su karanta ba, su ce za a buga shi a waje, amma a fara aiko kuɗin rajista ko kuɗin dubawa. Hajiya, wannan ba sai an yi maki dogon bayani ba: dillalin da ya nemi la'ada tun akuya na ɗaure a gida, ba sayar da ita ya zo yi ba. Biyan maɗaba'a ta buga maka littafinka ciniki ne na halal, matuƙar an san adadin da za a buga kuma kayan hannunka za su dawo. Abin gudu shi ne biyan kuɗi a kan alkawari.

Na biyu, kada a ba kowa rubutun asali in shi kaɗai ne. Shahararren marubucin nan na Nijeriya, Chinua Achebe, ya aika rubutun hannu na littafinsa na farko Landan don a buga masa da keken rubutu, ya biya tun kafin aiki, aka jefar da shi a lungun ofis wata da watanni, sai da shugabarsa a gidan rediyo ta je hutu Ingila ta bi sawu. Da ya ɓata, da littafin da ya fito a 1958, wanda aka fassara cikin harsuna fiye da 50, bai ga rana ba. Yau kuwa ɗaukar hoton kowane shafi da salula bai fi aikin yamma ɗaya ba.

Na uku, a yi takarda gaban shaidu, a rubuta ko kwafi nawa za a buga, nawa ne rabon marubuci a kowane ɗaya, yaushe za a biya, shekara nawa yarjejeniyar za ta yi, kuma wa ke da iko in an so mai da labarin fim ko karanta shi a rediyo. Wannan na ƙarshe shi aka fi mantawa, alhali fina-finan Kano da dama daga littattafai aka ɗauko su. Akwai hukumar kare haƙƙin mawallafa ta BNDA a Yamai, inda ake iya yin rajistar aiki. Sannan a tambayi duk mai cewa shi dillali ne sunayen littattafan da ya taɓa fitarwa, a nemi masu su a ji daga bakinsu, kamar dai yadda ake bincike kafin a ba baƙo bashin kaya.

Daga ƙarshe, kiranmu gare ku ne ƴan kasuwa. Abin da ya ɗaga adabin Kano ba wani babban kamfani ba ne, masu rumfa ne da suka yarda su ba littafi wuri kusa da sauran kaya. Mai tebur a tashar Tasawa ko mai shago a Mayahi zai iya karɓar kwafi 20 na ɗiyar maƙwabcinsa, ya rubuta a littafin bashi, ya biya a kan lokaci. Uwa kuma, kafin ta kwashi adashe ta miƙa, ta sa a karanta mata labarin tukuna, ta kuma tambayi wanda zai karɓi kuɗin abin da take tambayar kowane dillali a kasuwa: wa zai saya, nawa, kuma yaushe? Allah ya sa albarka a nema, ya kare mu daga hannun macuta.