Jami'a Da Maƙwabtanta: Yadda Cinikin Jami'ar Pensilbaniya Ya Tayar Da Ƙananan 'Yan Kasuwa A Filadelfiya

A daren 31 ga watan Oktoba na shekarar 1996, wasu 'yan fashi suka daɓa wa wani masanin kimiyya ɗan asalin ƙasar Rasha wuƙa har lahira a wani titi na yammacin birnin Filadelfiya da ke ƙasar Amurka, ba da nisa da Jami'ar Pensilbaniya inda yake aikin bincike ba. Wannan kisa ya tayar da hankalin iyayen ɗalibai da malamai, waɗanda suka matsa wa hukumomin jami'ar lamba da su ɗauki mataki ba tare da ɓata lokaci ba.

Shugabar jami'ar a wancan lokaci, Dokta Judith Rodin, wadda ta kama aiki a shekarar 1994 kuma haifaffiyar birnin ce, tana da hanyoyi biyu a gabanta: ko dai ta ƙara 'yan sanda da shinge ta killace harabar, ko kuwa ta shiga unguwannin da ke kewaye da ita da kuɗi da ilmi da ciniki. An ƙara jami'an tsaro, amma hanya ta biyu ce ta zama ginshiƙin shirin da aka aiwatar, wanda daga bisani jami'o'i da dama na ƙasar suka riƙa kwaikwayo.

Tushen rashin jituwa

Jami'ar, wadda ake taƙaita sunanta da Penn, tana danganta kafuwarta da shekarar 1740 da kuma shahararren ɗan siyasar nan Benjamin Franklin. Idan aka haɗa da asibitocinta, babu wata ma'aikata mai zaman kanta da ta kai ta yawan ma'aikata a Filadelfiya. Amma akasarin maƙwabtanta na yammacin birnin baƙar fata ne masu ƙaramin ƙarfi, kuma sun daɗe suna yi mata kallon hadarin kaji.

Dalilin haka ba ɓoyayye ba ne. A shekarun 1960, a ƙarƙashin shirin gwamnati na sabunta birane, an rushe wata unguwar baƙar fata da ake kira Black Bottom domin a samar da filin gina cibiyar binciken kimiyya wadda jami'ar ke cikin manyan masu ɗaukar nauyinta. Dubban mutane suka rasa matsugunansu, shaguna da majami'u suka watse. Tun kafin wannan, a shekarun 1930, wata hukumar gwamnatin tarayya ta zana taswirorin biranen ƙasar inda aka shafa wa unguwannin baƙar fata jan launi a matsayin wuraren da bayar da rance ke da haɗari, kuma bankuna sun shafe shekaru da dama suna ƙaurace musu.

Har yanzu tabon bai gushe ba. Binciken da babban bankin Amurka ya gudanar a shekarar 2022 ya nuna cewa dukiyar matsakaicin iyalin farar fata ta kai kimanin dala 285,000, yayin da ta takwaransa baƙar fata ba ta wuce kimanin dala 44,900 ba. Haka kuma, kamfanonin baƙar fata ba su wuce kimanin kashi 3 cikin 100 na kamfanonin ƙasar masu ɗaukar ma'aikata ba, alhali yawan baƙar fata ya haura kashi 12 cikin 100 na al'ummar ƙasar. Wanda ba shi da gidan da zai jinginar, ba shi kuma da ɗan'uwa mai hali, da wuya ya sami jarin fara sana'a.

Malaman gona na 'yan kasuwa

Shigar jami'o'in Amurka cikin harkar tallafa wa masu sana'a ta samo asali ne daga aikin gona. Wata doka ta shekarar 1914 ta ɗora wa jami'o'in jihohi alhakin tura malaman gona ƙauyuka domin isar da sakamakon bincike ga manoma, irin aikin da manoman ƙasar nan suka sani daga cibiyoyin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru. A shekarar 1980 Majalisar Dokokin Amurka ta zartar da dokar kafa cibiyoyin bunƙasa ƙananan sana'o'i bisa wannan tsari. Hukumar kula da ƙananan 'yan kasuwa ta tarayya, wadda aka kafa a 1953, tana bayar da wani kaso na kuɗin, jami'a ko jihar da ta karɓi cibiyar tana kawo kwatankwacinsa, sannan mai shago yana samun shawara kyauta kan tsara kasafi, ajiye lissafi, biyan haraji da neman rance.

Makarantar koyon kasuwanci ta Wharton, reshen Penn da aka kafa a 1881, ta gudanar da ɗaya daga cikin irin waɗannan cibiyoyi na tsawon shekaru, inda ɗalibanta suka riƙa zama da masu shaguna suna duba musu littattafan lissafi. Daga wannan cibiya ce aka haifi The Enterprise Center a shekarar 1989, wata ƙungiya da ba ta neman riba wadda aikinta shi ne renon kamfanonin 'yan tsiraru. Madam Della Clark ta karɓi ragamar shugabancinta a 1992, kuma ƙungiyar ta koma wani tsohon ginin gidan talabijin a titin Market. A shekarar 2012 ta buɗe wani babban ɗakin girki na zamani wanda masu sayar da abinci ke haya da awa, saboda dokar lafiya ba ta yarda a sayar wa manyan kantuna abincin da aka dafa a madafar gida ba, gina madafa mai lasisi kuwa ya fi ƙarfin mai ƙaramin jari.

A ɓangaren ƙungiyoyin sa-kai, jami'ar ta kafa cibiyar hulɗa da al'umma a 1992 a ƙarƙashin masanin tarihi Dokta Ira Harkavy, wadda aka sanya wa sunan Netter a 2007 bayan gudummawar dala miliyan 10 daga iyalin da ke da wannan suna. Cibiyar ta fito da kwasa-kwasan da ɗalibi ba ya cin jarrabawarsu sai ya yi aiki a makarantun unguwa ko ƙungiyoyin al'umma, kan batutuwa kamar abinci mai gina jiki, kiwon lafiya da koyar da lissafi.

Shawara ba ta biyan albashi

Sai dai hukumomin jami'ar sun fahimci cewa horo da shawara ba su isa ba. Ɗan kasuwar da ya iya lissafi amma ba shi da mai saye, rufe shago zai yi. Jami'a kuwa babbar mai saye ce: takarda, kujeru, abinci, wanki, shara, ɗab'i, gyaran gine-gine da sufuri, duk tana kashe musu miliyoyin daloli a kowace shekara, kuma a da kusan dukkan kuɗin manyan kamfanoni na nesa ne ke kwashewa.

Tun a tsakiyar shekarun 1980 aka fara shirin sayen kaya daga 'yan kasuwar yammacin Filadelfiya, amma a zamanin Dokta Rodin ne aka ba shi ƙarfi. Ofishin sayen kaya ya riƙa rarraba manyan kwangiloli zuwa ƙanana yadda ƙaramin kamfani zai iya nema, ya kuma riƙa sanya wa manyan dillalai sharaɗin su haɗa gwiwa da kamfanonin unguwa. Misalin da aka fi ambato shi ne na Telrose, wani ƙaramin kamfanin baƙar fata mai sayar da kayan ofis, wanda aka haɗa shi da katafaren kamfanin Office Depot. Ya fara da kai kaya ofisoshi, sannu a hankali ya riƙa karɓar kaso mai yawa na kwangilar. Ta wannan hanya cinikin da jami'ar ke yi da 'yan kasuwar yankin ya tashi daga 'yan miliyoyin daloli zuwa gomman miliyoyi a shekara. Takardar odar jami'a tana da wani amfani kuma: ita ce shaidar da ƙaramin ɗan kasuwa ke nuna wa banki kafin a saurare shi.

Sauran matakan sun haɗa da kafa hukumar tsabtace tituna da tsaro ta University City District a 1997, tare da haɗin gwiwar wasu cibiyoyi da 'yan kasuwa. Da tallafin dala 15,000 ga ma'aikacin jami'a da ya sayi gida a unguwar, wanda aka fara a 1998. Da buɗe babban kantin kayan abinci a titi na 40 a shekarar 2001. A wannan shekarar kuma aka buɗe makarantar gwamnati ta Penn Alexander, wadda jami'ar ta ɗauki alƙawarin ƙara mata dala 1,000 kan kowane ɗalibi a shekara. An sanya mata sunan Sadie Alexander, wadda a 1921 ta zama baƙar fata ta farko a Amurka da ta sami digirin digirgir a fannin tattalin arziki, a wannan jami'a.

Kowane allazi da nasa amanu

Aikata manyan laifuka ya ragu, shaguna sun buɗe, tituna sun haskaka. Amma nasarar ta zo da nata nauyin. Farashin gidaje a yankin da ke da damar shiga sabuwar makarantar ya ninka, kuɗin haya ya tashi, kuma iyalai da yawa na baƙar fata da aka ce domin su aka yi aikin sun koma unguwanni masu nisa. A watan Janairu na 2013 iyaye sun yi layi cikin tsananin sanyi, kwanaki kafin ranar rajista, domin samar wa 'ya'yansu gurbi, lamarin da ya sa hukumar ilmi ta koma amfani da ƙuri'a. Mai shagon da ke haya ma bai tsira ba, domin riba kan ƙare a aljihun mai gini.

Masu suka sun kuma yi nuni da cewa jami'ar, a matsayinta na cibiyar da ba ta neman riba, ba ta biyan harajin akasarin filaye da gine-ginenta, harajin da makarantun gwamnati na birnin suka dogara da shi. A watan Nuwamba na 2020, bayan matsin lamba daga malamai da ɗalibai, ta yi alƙawarin bai wa hukumar makarantun birnin dala miliyan 100 cikin shekaru 10 domin kawar da abubuwa masu guba daga tsofaffin gine-gine.

Wata barazanar kuma ta fito daga ɓangaren shari'a da siyasa. A watan Yuni na 2023 Kotun Ƙolin Amurka ta haramta la'akari da launin fata wajen ɗaukar ɗalibai a jami'o'i. A watan Maris na 2024 wani alƙalin tarayya a jihar Texas ya umarci hukumar bunƙasa kasuwancin 'yan tsiraru, wadda aka kafa a 1969 zamanin Shugaba Nixon, da ta buɗe ƙofarta ga kowane jinsi, sannan a Maris na 2025 Shugaba Trump ya sanya hannu kan umarnin rage ayyukanta zuwa mafi ƙarancin abin da doka ta tanada. Wannan ya sa shirye-shiryen da aka gina kan launin fatar mai kamfani suka shiga tsaka mai wuya, yayin da waɗanda aka gina kan unguwar da kamfani yake suka fi samun madogara a gaban doka.

Abin da tarihin yammacin Filadelfiya ya nuna shi ne, jami'a tana iya tayar da tattalin arzikin maƙwabtanta, kuma ofishin sayen kayanta ya fi zauren laccarta tasiri a wannan fage. Ya kuma nuna cewa idan ba a tanadi gidaje masu rahusa da hanyar da ɗan kasuwa zai mallaki shagonsa tun da farko ba, waɗanda suka jure wa unguwa a lokacin wahala ba su ne za su ci moriyarta a lokacin wadata ba.